Yadda za ka yi suna da rubutu a intanet har mutane su riƙa nemanka da kansu

Wata ƙanwata ce ta same ni kwanaki da ƙorafi, wai Yaya ni fa na gaji, wata huɗu ke nan ina rubutu a Facebook kullum sai na yi fostin amma daga ƙawayena biyu sai wata gwaggonmu da ke danna laik a komai ko ba ta karanta ba. Na ce miƙo wayar in gani. Ban yi nisa ba na gano ciwon. Litinin ta sa yadda ake miyar zogale, Talata hoton wani ɗan siyasa da addu'a, Laraba labarin soyayya shafi na ɗaya wanda har yau na biyun bai iso ba, Alhamis tallan atamfa, sunan da ke saman shafin kuma wani dogon abu ne da taurari da fulawoyi wanda ni kaina da muka fito ciki ɗaya ba zan iya rubuta shi in nemo ta ba. Abin da na gaya mata ranar shi zan baje a nan, don ni ma haka na yi ta watsal-watsal shekaru kafin in tsaya a kan kiwon kaji, kuma sai da na tsaya ɗin sannan aka san da ni.

Matakin farko, ka zaɓi abu ɗaya

Wannan shi ne mai wuya, shi ya sa zan daɗe a kansa. Ka duba unguwarku, mai shayin bakin titi kowa ya san shi da shayi, in ka ce a haɗu wajen mai shayi babu mai tambayarka wane ne. To da a ce yau shayi yake sayarwa gobe takalma jibi maganin basir, da wane suna za a kira shi? Haka intanet take. Mutum yana zazzaga waya da babban yatsa yana wuce ɗaruruwan abubuwa, ba zai riƙe ka ba sai in ya iya cewa a ransa, au wannan ai mai maganar kaji ne, wannan mai tarihin garuruwa ce, wancan shi ne mai bayanin yadda ake cike fom ɗin JAMB.

Yadda za ka gane naka, ka tambayi kanka me mutane ke kiranka a waya su tambaye ka a kai. Ba abin da kake sha'awa kawai ba, abin da ake zuwa wajenka dominsa. Ita ƙanwar tawa duk bikin da za a yi a dangi ita ake kira kan alkaki da dubulan da nakiya, amma ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin ilimi ba, gani take kowa ya iya. Alhali akwai 'yan mata birjik a Abuja da Legas da ma Jidda da ba su taɓa ganin yadda ake murza dubulan ba kuma suna so su koya.

Daga nan sai ka yi gwaji. Ɗauki biro da takarda, a zama ɗaya, ka rubuta kanun abubuwa talatin da za ka iya yin bayani a kansu a wannan fannin ba tare da ka leƙa wajen kowa ba. In ka cika talatin to kana da jari. In ka kai bakwai ka cije, ba fanninka ba ne, sha'awa ce kawai, canza. Kuma ka matse fannin. "Girki" ya yi faɗi, masu yinsa sun fi a ƙirga, amma "kayan gara da abincin biki na gargajiya" wuri ne da za ka iya tsayawa a san ka. Ni ma ban ce noma da kiwo ba, cewa na yi kiwon kaji a cikin gida ga mai ƙaramin jari, wanda zai zuba 'yan tsaki hamsin ko ɗari a bayan ɗaki yana harin Sallah. Kar ka ji tsoron wai ka rage masu karatu, taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya zo don abin da ka ƙware a kai ya fi zama.

Na biyu, suna

Suna linzami. Ka samo wanda za a iya faɗa a baki a rubuta daidai ba tare da an ce maimaita ba. Gwajin mai sauƙi ne, kira wani abokinka ka faɗa masa sunan sau ɗaya, ka ce ya neme ka. In ya same ka shi ke nan. In ya kira yana tambaya da "h" ne ko babu, akwai ɗigo a tsakiya, to da sauran aiki. Ka cire taurari da lambobi da wannan rubutun mai lanƙwasa da ake kwafowa, injin bincike ba ya gane su sosai.

Sunanka na gaskiya ko na alƙalami, duk wanda ka ga dama. Mata da yawa sun fi sakewa da sunan alƙalami irin su Maman wane ko Ummu wance saboda gida da dangin miji, ba laifi, sai dai ki duba kar ya zama akwai mutum ashirin masu irinsa, ki ɗan ƙara masa abin da kike yi. Abin da ba na so shi ne canje-canje. Facebook dai in ka canza suna sai bayan kwana 60 zai bar ka ka sake, kuma duk canjin da ka yi akwai waɗanda za su ga baƙon suna su ce wane ne wannan kuma su cire ka. Ka kama suna ɗaya ka yi rajistarsa a Facebook da Instagram da TikTok da Telegram da X rana ɗaya, ko da ba yanzu za ka yi amfani da su ba, don kar ka yi suna wani ya riga ka can ya riƙa karɓar kuɗin mutane da sunanka. Ka kuma buɗe imel na Gmail da sunan, daban da wanda kake harkokinka da shi. A adireshin shafi kam ba a sa ƙ da ɗ da ɓ, haruffan boko zalla da lambobi da ɗigo Facebook ke karɓa, to in sunanka na da ƙugiya ka san yadda zai fito ba tare da ita ba kafin ka zaɓa, kar a je a samu wata ma'anar.

Na uku, gyara ƙofar gida

Hoto ɗaya a ko'ina. In fuskarka ce to a fili, ba kai da abokai shida a wajen ɗaurin aure ba. In ba ka son fuska ka haɗa ɗan tambari a manhajar zane ta Canva, sunanka a kan launi ɗaya, ya isa, amma ka duba shi yana ƙarami don a wajen kwament kamar ƙwayar wake yake fitowa. Wurin bayanin kai na Facebook haruffa 101 kawai yake ɗauka, kar ka ɓata shi da "ɗan mamansa, ba na son raini". Rubuta me kake yi, don wa, yaushe. Misali: Kiwon kaji a gida ga mai ƙaramin jari. Sabon darasi duk Talata da Asabar. Sannan ka yi rubutu guda na gabatarwa, wane ne kai a wannan harkar, me mutum zai samu, da linkin rubuce-rubucenka uku da suka fi kyau, ka maƙale shi a sama yadda duk baƙon da ya shigo da shi zai fara cin karo. Kuma kar ka fara gayyatar mutane shafi yana wayam, ka zuba aƙalla rubutu biyar masu nauyi tukuna.

Na huɗu, ina za ka kafa rumfa

Ga mai rubutu da Hausa har yanzu Facebook ne babbar kasuwa, WhatsApp kuma shi ne cikin gida. Akawun na kanka yana tsayawa a abokai 5,000, to ko dai ka buɗe feji ko ka kunna tsarin ƙwararru a akawun ɗinka, yana nan a cikin ɗigo ukun da ke shafinka, shi zai ba mutane damar bin ka ba iyaka kuma ya riƙa nuna maka alƙaluman masu gani. Ni na fi son wannan ga mai farawa don mutanenmu sun fi sakin jiki da mutum a kan feji mai kama da kamfani.

A WhatsApp abu uku ne kuma kowanne da halinsa. Guruf yana ɗaukar mutum 1,024 amma hayaniya gare shi, ka sa darasi minti goma ya nutse a ƙarƙashin sitika da barka da Juma'a, ga lambobin mutane a fili kowa na gani, abin da ke korar mata da yawa ke nan, in za ka yi shi ka kulle sai admin ke magana ka riƙa buɗewa awa ɗaya ko biyu don tambayoyi. Burodkas, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa kowa ya same shi shi kaɗai, mutum 256 ne kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka. Sai canel da suka kawo a 2023, shi ne ya fi dacewa da marubuci, kai kaɗai ke magana, mabiya ba sa ganin lambar juna, illarsa dai tsofaffin rubutu ba sa daɗewa, wajen kwana 30 ne sabon shiga zai iya gani. Telegram kuwa nan ne rumbu, wanda ya shigo yau zai iya komawa ya karanta tun na farko, shi ya sa masu dogayen labarai ke son shi, sai dai ba kowa ke da shi a waya ba.

Kar ka ce duk za ka riƙe su lokaci guda, za ka gaji. Ɗauki biyu, ɗaya inda baƙi za su gan ka, ɗaya inda za ka tara waɗanda suka riga suka yarda da kai. Dalilin na biyun kuwa, duk waɗannan wurare gidan haya ne. Ka tuna an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Ka tuna 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya wajen awa shida. Dandalin sayar da littattafai na OkadaBooks da marubuta da dama suka zuba littattafansu a ciki ya rufe a ƙarshen 2023. Mutanen Zamfara kuma sun san yadda aka yanke sabis ɗungurungum a Satumbar 2021. In duk jama'arka a wuri ɗaya suke, ranar da mai gida ya sa kwaɗo sai ka koma kamar ba ka taɓa yi ba.

Na biyar, sa sakata tun kafin a tara kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya, yi wannan yau. A WhatsApp shiga saitin, akawun, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lamba shida da ba shekarar haihuwarka ba, ka haɗa da imel. A Facebook ma ka kunna, kuma in da hali ka yi amfani da manhaja irin Google Authenticator maimakon saƙon tes. Layin da ka yi rajista da shi ya zama naka ne da NIN ɗinka, kuma kar ka jefar da shi a durowa wata da watanni, kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, wanda ya saya kuma shi lambar sirrinka za ta riƙa zuwa wa.

Ni an taɓa yi min. Wani ya kira da sallama mai kyau da muryar dattaku, wai daga gurup ɗin masu kiwo ne za a yi taro ta intanet da daddare, an turo min lamba shida in karanto masa don a sa sunana. Ina tsakiyar ba kaji ruwa na karanto. Kafin in wanke hannu WhatsApp ɗina ya fita, kafin magariba an tambayi mutum kusan goma rance da sunana. Duk wanda ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka ɓarawo ne ko da muryar limamin unguwarku ya zo. Haka saƙon da ke cewa wai za a rufe fejinka cikin awa 24 ka danna nan, ko wai wani kamfanin waje zai riƙa biyanka dala ka sa shi admin, duk kanwar ja ce.

Na shida, rubutun kansa

Layi biyun farko su ne komai, don daga nan Facebook ke yanke rubutu sai wanda ya ga dama ya danna ya ga sauran. In ka cinye su da doguwar gaisuwa da fatan kowa ya tashi lafiya ya iyali ya aiki, an wuce ka. Yi sallama gajera ka faɗa cikin magana. Kwatanta waɗannan biyun: "Yau za mu yi bayani a kan muhimmancin kula da kaji" da kuma "In ka ga 'yan tsakinka sun cure waje ɗaya a ƙarƙashin fitila, sanyi suke ji, in sun gudu bango sun bar ta, zafi ya yi yawa." Na biyun mai kaji ba zai iya wuce shi ba, don ya taɓa gani da idonsa.

Rubutu ɗaya, matsala ɗaya. Ka ba da awo na gaskiya, gwangwani nawa, cokali nawa, kwana nawa, naira nawa ka kashe kuma a wace kasuwa a wane wata, tunda farashi yanzu ba ya kwana inda ya yini. Ka faɗi inda ka yi asara, wallahi rubutuna da aka fi yaɗawa shi ne na lokacin da na yi ganganci na tsallake rigakafin cutar kaji ta Gumboro na kwashe gawa da buhu, ya fi duk waɗanda na nuna riba. Mutane sun gaji da masu nuna komai lafiya lau.

Ka tuna a waya ake karanta ka, wata ma fuskarta a fashe, a cikin Adaidaita ko a layin cirar kuɗi. Sakin layi gajeru, ka bar fili tsakaninsu. Kar ka zuba dukkan bayanin a cikin hoto, akwai masu shiga Facebook na kyauta inda hoto ba ya buɗewa, ga data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025, mutum sai ya yi lissafi kafin ya buɗe bidiyo. Hoton da za ka sa kuma naka ya fi, ko bai yi kyau can ba, kejin bayan ɗakinka ya fi gonar Turawa da ka kwafo, gani ya kori ji.

Sai maganar Hausar. Ba na cewa sai ka zama Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo, amma don Allah a bar "xan xo" da "ngd" da "ykk" a wajen hira da abokai. Sauke Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta Google, shiga saitin harsuna, ƙara Hausa, daga nan in ka danne k za ka ga ƙ, haka d da b. Akwai bambanci tsakanin ƙafa da kafa, da baƙi da baki, kuma na taɓa ganin rigima ta tashi a kwament kan baƙin mutum da bakin mutum. Ka raba kalmomi inda ya kamata, "ya zo" ba "yazo" ba, "ta ce" ba "tace" ba don tace aikin rariya ne. Karin harshenku kuma kar ka ɓoye shi, in Basakkwace ne kai ko Bakatsine ko ɗan Damagaram ka bar shi ya fito, gishiri ne, kuma yana cikin abin da za a gane ka da shi, sai dai kalmar da ka san ta garinku ce kaɗai ka ɗan fassara. Abin da na hana shi ne ɗauko rubutun Turanci a watsa a Google Translate a manna. Tun 2013 aka sa Hausa a ciki kuma ya ƙaru sosai, amma Bahaushe na karanta layi biyu zai ji ƙamshin inji. Karanta, fahimta, rufe, sannan ka faɗa da bakinka. Kafin ka saki kowane rubutu karanta shi da ƙarfi, inda numfashinka ya sarƙe nan ne za ka sa aya.

Na bakwai, ka zama kamar ranar kasuwa

Wudil Juma'a take ci, Maigatari Alhamis, Mai'aduwa Lahadi. Babu mai aika wa fatake takardar gayyata, sun san ranar sai su ɗauro kaya. Kai ma ka yanke ranakunka ka sanar, biyu a sati sun isa, uku in kana da ƙarfi. Kullum-kullum ɗin nan ita ke kashe masu farawa, sati biyu suna wuta sai ka ji ɗif. Ka ware rana guda ka rubuta na sati biyu ka ajiye, don ranar da babu wuta ko yaro ba lafiya kar alƙawari ya tashi, masu feji ma suna iya saita lokaci a Meta Business Suite rubutun ya fita da kansa. Lokaci kuwa ni na ga bayan isha'i ya fi min, sai kuma da sassafe bayan asuba, da azumi komai na juyewa ya koma bayan tarawihi da wajen sahur. Amma gwada naka, masu karatun ɗalibai daban da na matan gida. In uzuri ya taso ka fito ka ce yau babu sai Asabar. Masu rubuta labari shafi-shafi ku ne kuka fi wannan laifin, a bar mutane a rataye wata biyu babu ko uffan.

Na takwas, inda masu karatun farko suke

Ba za su faɗo daga sama ba, kuma tura wa mutane "don Allah ku yi folowin ɗina" a inbok bara ce, ba ta kawo mai zama. Abin da ke aiki shi ne ka je inda masu matsalar suke taruwa. Nemi guruf uku ko huɗu na fanninka a Facebook, ka shiga, ka yi kwana biyu kana kallo ka ga dokokinsu, sannan duk wanda ya yi tambayar da ka san amsarta ka ba shi cikakkiyar amsa a nan take, ba "shigo inbok" ba, ba linki ba. In ka yi haka sau goma mutane da kansu za su danna sunanka su ga wane ne wannan, a nan ne ƙofar gidan da ka gyara za ta yi aikinta. Haka a ƙarƙashin labaran manyan shafuka irin BBC Hausa da Aminiya da Freedom Radio, in labarin ya shafi fanninka, misali tsadar masara ko murar tsuntsaye, ka rubuta kwament mai ma'ana da wuri.

Da ɗan gari akan ci gari, ka nemi waɗanda suka riga ka a fannin da ke maƙwabtaka da naka, ka yaɗa nasu da yabo na gaskiya kafin ka nemi komai, wata rana ka ce ko za mu yi musaya, in rubuta wa mutanenka kan kaji ka rubuta wa nawa kan kifi. Sitatus ɗinka na WhatsApp ma kar ka raina shi, sa layi biyun farko da linki. Kuma a ƙarshen rubutu ka yi tambaya ta gaske wadda kake son jin amsarta, ba "rubuta Amin ka tura wa mutum goma" ba, tun 2017 Facebook ya ce yana danne irin wannan roƙon. Sayen mabiya kuwa asarar kuɗi ce tsagwaronta, za ka ga dubu goma a sama, ka yi rubutu mutum huɗu su tanka, duk mai hankali ya gane.

Na tara, kwament

Awa ɗayan farko bayan ka saki rubutu ka zauna kusa ka amsa wa kowa, da sunansa in zai yiwu, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Tambayar da aka maimaita sau uku ka rubuta ta a littafinka, ita ce darasin sati mai zuwa, ta haka ba za ka taɓa rasa abin rubutawa ba. In an gyara maka kuskure kuma gaskiya ne ka gode ka gyara a fili. In an tambaye ka abin da ya fi ƙarfinka ka tura mutum wajen masu shi, ni in aka turo hoton kaza tana zawo da jini cewa nake a kai wa likitan dabbobi, ba na rubuta magani daga hoto. Mai zagi kuma kar ka biye masa, goge, in ya dawo ka toshe shi, shafinka ne ba dandali ba.

Ka kiyayi kama suna. Dokar laifukan intanet ta 2015, musamman sashe na 24 da aka yi wa gyara a 2024, an sha kama mutane da ita kan abin da suka rubuta, a Kano ma an sha gurfanar da 'yan TikTok kan ɓata suna. In wani mai sayar da abincin kaji ya cuce ka, ka faɗi alamomin da za a gane gurɓataccen abinci, ya fi amfani kuma ba ka kwana a caji ofis ba. Labarin da ba ka tabbatar ba kar ka yaɗa don kawai yana tashe.

Na goma, ɓarayin rubutu da ajiya

Za a sace, wannan kam ka sa a ranka. Wata rana za a turo maka rubutunka a guruf an cire sunanka an sa "copied" ko ma sunan wani. Dabarar ita ce kar ka sa suna a ƙarshe kawai inda ake yankewa, ka saƙa shi a tsakiya, ka riƙa cewa kamar yadda na faɗa a darasin Talata, ka sa tambarinka a tsakiyar hoto ba a gefe ba. In babban shafi ne ya ɗauka ka yi masa magana cikin mutunci ya sa sunanka, sau da yawa suna yi kuma ka samu sabbin mutane, in ya ƙi akwai wurin kai ƙarar satar fasaha a Facebook, kuma Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da ta shafi abin da ke intanet. Kai ma in ka ɗauko na wani ka faɗi mai shi. Kuma kar ka riƙa rubutu kai tsaye a cikin Facebook, fara a Google Docs ko Keep inda zai hau imel ɗinka da kwanan wata, ko waya ta faɗa rijiya aikinka na nan, kuma hujja ce ranar da aka yi gardamar wa ya fara.

Maganar kuɗi a gurguje, don na san ita ke ran kowa. Kar ka fara da ita. Sai ka ga mutane sun fara tambaya da kansu, kana da littafi, kana koyarwa, sannan ka haɗa darussanka ka gyara su su zama ɗan littafin PDF ko aji na sati biyu a guruf na kuɗi, ka faɗi farashi a fili da abin da mutum zai samu, ka cika. Talla kuma kar ka karɓi ta abin da ba ka gwada ba, musamman magunguna da harkar zuba kuɗi a ninka maka, in aka cuci mutum ɗaya ta hanyarka ba zai nemi mai kayan ba kai zai nema. In tallar ce ka rubuta cewa talla ce.

Duk ƙarshen wata ka buɗe alƙaluman shafinka, kar ka tsaya kan laik, duba wanne aka fi yaɗawa da wanne aka fi yin tambaya a kai, ka ware uku na sama ka ga me ya haɗa su, ka ƙara irinsu wata mai zuwa. Ita ƙanwar tawa da muka duba nata bayan ta koma kan kayan gara, ba alkakin da ta sha wahalar ɗaukar hotonsa ne ya fi tafiya ba, wani ɗan gajeren rubutu ne kan abin da ke sa dubulan ya sha mai ya yi laushi, ta rubuta shi a tsaye a kicin. Yanzu jerin kurakurai take yi, ɗaya duk Laraba, wannan satin na nakiya ne.